Gayyar Buɗe Hanyar Ruwa: Darasi Daga Tiga Zuwa Nguru

'Yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan ruwa yake, da kuma aikin da jama'a sukan haɗu su yi da hannuwansu domin hanyar ruwa ta zauna a buɗe. Za mu fara daga ƙasar Rano da Kibiya, daga Saji da Rurum da Lausu da Tarai da ƙauyukan da suke kewaye da su, sa'an nan mu bi ruwan har inda ya kai mu. Gama duk ruwan da ya sauka a kan duwatsun Rano da gonakin Kibiya, ko ta wace ƙorama ya bi, gangarawa yake yi zuwa arewa maso gabas, cikin kwarin da kogunan Haɗeja da Jama'are suke bi. Mu ne mutanen bisa. A ƙarƙashinmu akwai manoma da masunta da makiyaya na Jigawa da Yobe, waɗanda yawancinmu ba mu taɓa gani ba, amma abin da muka zuba a ruwa, da abin da muka hana shi, yana isa ƙofar gidajensu.

Gayya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mun san gayyar noma, inda samari sukan taru su gama gonar dattijo a yini guda, makaɗi yana biye da su. Mun san gayyar yashe rijiya sa'ad da ruwanta ya ja baya, da ta gyaran hanya bayan damina ta ɓata ta. Abin da ba mu saba ji ba shi ne a yi gayya domin kogi. A tunaninmu kogi yana gyara kansa: damina ta zo ta wanke shi, rani ya zo ya busar da shi. Haka kuwa yake a dā. Dalilin da ya sa ba haka yake yanzu ba, yana nan kusa da mu, tafiya kaɗan daga Rurum.

Abin da madatsar Tiga ta sāke

Kogin Kano yana tasowa daga tuddan kudancin jihar, ya ratsa dajin Falgore, ya nufo arewa. An tare shi a Tiga tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, daidai shekarun da babban fari ya addabi ƙasashen Sahel. Tafkin da ya taru a bayan madatsar ya rufe wajen murabba'in kilomita 178, sa'ad da aka gina shi kuwa an tsara ya riƙe kusan kubik mita biliyan 2 na ruwa. Daga nan babbar hanyar ruwa, wadda manoma suke kira kanal, takan bi ta Ruwan Kanya ta kai ruwa gonakin Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce take riƙe da madatsar. A 1992 aka kammala ta biyu, wato madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye, a kan kogin da yake haɗuwa da Kogin Kano kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja.

Ba za mu rage wa Tiga alherinta ba. Shinkafar Kura, da tumatirin Kadawa, da alkama da albasar da ake nomawa da rani, da ruwan famfon birnin Kano, duk suna da rabo a cikinta. Samari da yawa da dā sukan tafi cin rani kudu sun sami abin yi a gida. Wanda ya ci tuwon wannan aiki bai kamata ya yi masa butulci ba.

Amma madatsa ba ruwa kaɗai take tarewa ba, tana sāke lokacinsa. Kafin 1974 Kogin Haɗeja yana da yanayi biyu. A watan Agusta da Satumba yakan cika ya tumbatsa, ya malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ya bar musu laka da kifi. Da rani kuwa sai ya tsaya cik, cikinsa ya zama rairayi, har a bi shi da ƙafa. Mutanen fadama a kan wannan suka gina zamansu: shinkafa a kan ambaliya, wake da kayan lambu a kan damshin da ruwa ya bari bayan ya janye, su a tafkunan da suka rage, sa'an nan shanun Fulani su shigo su ci ɗanyar ciyawa lokacin da daji ya bushe. Wuri guda yakan ciyar da sana'a uku ko huɗu, kowacce da watanninta. Bayan an gina madatsun, babbar ambaliya ta ragu, domin ana riƙe ruwan damina a baya. Da rani kuma ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan domin gonaki da birni, ragowarsa yana gangarawa. Kogin da dā yakan cika ya kuma bushe ya koma mai gudu a hankali shekara duka. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa sun auna amfanin da ake samu daga ruwan nan, suka tarar cewa mudu guda na ruwa ya fi ba da amfani in ya isa fadama, idan aka haɗa noma da kifi da itace, fiye da in an shayar da shi a gonakin aikin Kogin Kano. Wannan magana ba ta yi wa mutanen bisa daɗi ba, amma ya kamata mu san da ita.

Kacala

A cikin wannan sabon yanayi wata ciyawa ta sami sarauta. Mutanen Haɗeja suna ce da ita kacala, waɗansu kuma shalla. Doguwa ce, takan wuce tsawon mutum nesa, ganyenta kamar takobi, kanta kuwa kamar zangarniyar gero. Ba daga wata ƙasa aka kawo ta ba. Tun dā tana nan a bakin tafkuna, ana yankar ta a yi jinka da asabari. Abin da ya hana ta yawa shi ne rani. Kacala ba ta jure dogon bushewa, ba ta kuma son ruwa mai zurfi ƙwarai ko mai ƙarfin gudu. Abin da take so shi ne ruwa marar zurfi, mai tafiya a hankali, wanda ba ya ƙafewa. Madatsu sun ba ta wannan daidai.

Ya kamata mu fahimci yadda take aiki, gama a nan ne dabarar yaƙi da ita take. Tana yaɗuwa ta hanya biyu. Kowace zangarniya tana ɗauke da iri dubun dubata, marasa nauyi, iska ta kwashe su. A ƙarƙashin laka kuma saiwarta tana rarrafe, tana fid da sababbin tsiro, har wuri ya cushe yadda kwalekwale ba zai ratsa ba. In ta cushe sai ta rage wa ruwa gudu. Ruwan da ya rage gudu yakan sauke lakar da yake ɗauke da ita. Laka ta taru, zurfi ya ragu, kacala ta ƙara samun wurin tsayawa. Da haka da haka hanyar ruwa takan toshe ɗungum.

A ƙasan garin Haɗeja kogin yana rabuwa. Akwai tsohon Kogin Haɗeja, wanda yake zuwa ya haɗu da na Jama'are su zama Kogin Yobe, ya bi ta Gashuwa da Gaidam da iyakar Nijar har Tafkin Cadi. Akwai Burum Gana. Akwai kuma Marma, wadda take zuba a Tafkin Nguru. Daga shekarun 1990 kacala da laka suka shaƙe tsohon kogin da Burum Gana, sai mafi yawan ruwan ya karkata zuwa Marma. Abin da ya biyo baya masifa ce iri biyu a lokaci guda. Ƙauyukan da suke gefen Marma ruwa ya cinye gonakinsu, ya zauna a kansu shekara da shekaru, waɗansu suka tashi, hanyar motar Haɗeja zuwa Nguru ta lalace. Ƙauyukan da suke gefen hanyoyin da suka toshe kuwa suka zauna cikin ƙishi, fadamarsu ta bushe. Ruwan Haɗeja ya kusa daina kaiwa Kogin Yobe sam. A ƙasar Guri da Kirikasamma manomi yana iya nuna maka inda gonar ubansa take, ka duba ka ga kacala har iyakar gani.

Ba gona kaɗai ta tafi ba. Tsuntsun jan baki, wanda yakan sauko kamar hadari ya share gonar gero ko shinkafa, ya sami wurin kwana da sheƙa a cikin kacala inda ba mai iya kai masa. Sauro ya yawaita. Masunci ba ya iya jefa taru. Makiyayi ya iso mashayar da kakanninsa suka sani ya tarar ta rufe, dole ya nemi wata hanya, wata hanyar kuwa sau da yawa ta cikin gonar wani take bi. Rigingimu da yawa tsakanin manoma da makiyaya a wannan yanki, in an bi su zuwa tushe, akan tarar da toshewar ruwa a ƙarƙashinsu. Duk wannan kuwa a wurin da duniya take girmamawa saboda tsuntsayen da suke zuwa daga Turai su yi hunturu. A shekara ta 2000 aka sa Tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar take kārewa, su ne na farko a Nijeriya.

Yadda mutanen ƙasa suka tashi

Mutanen fadama ba su naɗe hannu ba. Ƙauye-ƙauye suka riƙa kiran gayya, maza su shiga ruwa da adda da lauje, waɗansu a kwalekwale, waɗansu ruwa iya ƙirji, su sare kacala su ja ta zuwa gaɓa. Aiki ne mai cin rai. Ganyen yana yanka hannu, matsattsaku suna kama ƙafa, ga macizai, ga sanyin ruwa da safe. Daga 2002 wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa ya shiga tsakanin ƙauyukan, aikinsa mafi amfani kuwa shi ne zaunar da su wuri guda, manomi da masunci da makiyayi, na gefen da ruwa ya cinye da na gefen da ya bushe, domin kowa ya ga cewa ciwon nasu guda ne. Daga irin wannan zama aka shirya buɗe Burum Gana da haɗin hannun ƙauyukan da suke bakinta, ruwa kuwa ya koma wuraren da suka daɗe ba su gan shi ba.

Akwai abubuwa da wannan gayya ta koyar waɗanda ba a samun su a ofis. Na farko shi ne wurin sara. Wanda ya sare kacala a saman ruwa aski ya yi mata, bayan 'yan makonni za ta dawo da ƙarfinta. Ƙonewa da rani ma haka ne, gama wuta ba ta kai wa saiwar da take cikin laka. Saiwar kacala tana shan iska ta cikin ganye da karan da suka fito sama, kamar mai nutso da ya riƙe bututu a baki. In aka sare ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen ya zauna a kansa, sai saiwar ta rasa iska ta ruɓe. Sau ɗaya ba ya isa. Sai an koma sau biyu ko uku, ana sare abin da ya sāke leƙowa kafin ya yi ƙarfi, kafin kuma ya fid da kai. Abin da aka sare dole a fid da shi daga ruwa, in ba haka ba zai gangara ya toshe wa na gaba.

Na biyu ya fi wannan wuya. Hanyar ruwa ba ta buɗuwa rabi. In ƙauye tara suka share nasu, na goma ya ƙi, ruwa zai tsaya a ƙofar na goman, wahalar tara ta tafi a banza. Wani lokaci kuma ƙin ba lalaci ba ne. Akwai ƙauyen da toshewar ta amfane shi, ta tara masa ruwan noman rani ko na kifi, buɗewa kuwa za ta ɗauke masa. Akwai manomin da yakan fasa gaɓar kogi da dare domin ruwa ya shiga gonarsa, ɓarakar ta girma ta karkatar da kogin duka. Saboda haka kafin a wasa adda sai an yi magana, hakimai da dagatai da sarakunan ruwa da arɗo-arɗo su zauna, a san wanda zai yi asara, a san abin da za a yi masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne. Amma hannuwa goma ma ba sa ɗauka in kowa yana ja wajen gidansa.

Na uku shi ne iyakar gayya, ba kuwa daidai ba ne mu ɓoye shi. Adda tana sare ciyawa, ba ta kwashe lakar shekara ashirin. Muddin ruwa yana zuwa daga bisa a hankali shekara duka, ɗauke da laka da taki, kacala za ta dawo. Wannan ya sa aka kai maganar sama. A 2006 gwamnonin jihohi 6 da suke cikin kwarin, wato Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauci da Filato, suka taru a Damaturu tare da Shugaba Olusegun Obasanjo, suka kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da kogunan. A shekarun baya-bayan nan an kawo manyan injunan haƙa masu tafiya a kan ruwa suna yashe Kogin Haɗeja. Duk da haka ambaliyar 2020 da ta 2022 sun yi ɓarna mai yawa a Jigawa. A ganinmu inji da gayya ba kishiyoyi ba ne. Inji yakan zo ya buɗe ya tafi wani wuri. In babu jama'ar da za ta bi bayansa kowace shekara da lauje, kuɗin da aka kashe ciyawa ce za ta cinye shi.

Ba mu kaɗai muka gamu da wannan ba. A Kogin Senegal, bayan an kammala madatsar Diama a 1986, ruwa ya daina hawa da sauka kamar dā, ruwan gishiri ya daina shigowa daga teku, sai wannan ciyawa ta mamaye gaɓa da hanyoyin ban ruwa a Senegal da Muritaniya. Cutar tsargiya kuma ta ɓarke a garin Richard Toll cikin 'yan shekaru. A can waɗansu ƙungiyoyin ƙauye sun koyi mai da kacala gawayin girki, domin mai sarewa ya sami abin sawa a aljihu, itacen daji kuma ya huta.

Rabonmu a ciki

Yanzu bari mu komo gida. Mai karatu a Saji yana iya cewa, ni ban gina madatsa ba, ba ni kuma da mabuɗin ƙofarta. Gaskiya ne. Amma lakar da take cika kogi daga ina take fitowa? Daga gonaki take fitowa, namu da na maƙwabtanmu. Ƙasar Rano tana da tudu da gangare. Sa'ad da aka nome gona har bakin ƙorama, aka sare itatuwan da suke riƙe gaɓa, ruwan sama na farko yakan kwashe ƙasar sama, wadda ita ce mai albarka, ya tafi da ita. Manomi ya yi asara sau ɗaya a gonarsa, wani ya yi asara sau na biyu a inda ƙasar ta sauka. Abin da ya gangara ta bayan madatsa yana rage wa tafki zurfi. Abin da ya gangara ta gabanta yana tafiya ya zama shimfiɗar kacala. Masu ɗibar yashi da manyan motoci suna ƙara nasu, gama in an rarake cikin ƙorama gaɓarta takan zube.

Takin zamani ma haka. Abin da shuka ba ta sha ba ruwa yakan wanke shi, kacala kuwa ba ta bambanta takin da aka saya dominta da wanda aka saya domin masara. Sai maganin feshi. Mun sha ganin mai feshi ya gama aiki ya wanke tankinsa a ƙorama ko a kanal, ya jefar da kwalbar a nan, mata kuwa suna ɗiban ruwa a ƙasa kaɗan. Akwai kuma mugun halin zuba guba a ruwa domin kifi ya taso. Kakanninmu sun san magimfa, amma sarkin ruwa yana da iko a kan lokacin da za a shiga tafki da abin da za a shiga da shi. Maganin ƙwari irin Gammalin 20, wanda aka riƙa kashe kifi da shi, yana kashe babba da ƙarami da ƙwai, yana kuma cutar mai ci. Sinadarin da ke cikinsa yana cikin waɗanda ƙasashen duniya suka amince a 2009 a daina amfani da su a noma.

Leda kuwa ba ta bukatar dogon bayani. Duk wanda ya duba ƙarƙashin kwalbati bayan ranar kasuwa ya san inda take kwana.

Masu gona a ƙarƙashin kanal suna da nasu nauyi na musamman. A ƙarƙashin shirin gyaran ban ruwa da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, wanda ya haɗa da aikin Kogin Kano, an ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, aka ɗora musu kula da ƙananan hanyoyin da suke kai ruwa gona. A nan labarin Marma da Burum Gana yana maimaita kansa a ƙaramin wuri. Mai gona a bakin hanya ruwa yana isa gare shi ko an share ko ba a share ba, don haka ba ya ɗokin fitowa. Mai gona a wutsiya shi ne yake kwana yana jiran ruwan da ciyawa ta riƙe. Ƙungiyar da ba ta iya fito da na baki ranar yashewa ba, sunan ƙungiya kawai take da shi.

Paparoma Francis, a wasiƙarsa ta 2015 a kan kula da duniya, ya keɓe wani sashe ga ruwa, inda ya lasafta samun ruwan sha mai tsabta cikin hakkokin da kowane ɗan Adam yake da su, ya kuma nuna cewa matalauta ne suke fara shan wuyar gurɓacewarsa. Mun ambaci wannan ne domin ƙungiyoyinmu, na matasa da Zumuntar Mata, sun riga sun saba da taruwa da aiki tare, abin da gayya take bukata ke nan. Amma ƙorama ba ta wata jama'a guda ba ce. Kirista da Musulmi daga mashaya guda suke sha, gayyar da aka kira da sunan ɓangare guda kuwa za ta share rabin hanya ne kawai. Daidai ne a kai maganar wurin mai unguwa da dagaci, su ne za su yi shela, liman da katikis kowa ya tuna wa mutanensa, a kuma aika wa rugar Fulani tun da wuri, ba bayan an yanke shawara ba.

In za a kira gayya

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen rani, a watan Afrilu ko farkon Mayu, sa'ad da ƙorama ta bushe, kafin hannu ya koma gona. Kafin ranar, mutum huɗu ko biyar, har da mace guda aƙalla daga masu ɗiban ruwa, su bi ƙoramar da ƙafa daga inda ta shigo ƙasar ƙauyen zuwa inda ta fita. Su lura da inda gaɓa take zubewa, da inda ake zuba shara, da inda kwalbati ya toshe, da inda shanu suke sauka. Su kuma tsaya a ƙauyen bisa da na ƙasa su gaya musu abin da ake shiri, ko za su sa rana guda.

Ranar aiki, abin da aka kwaso kada a tara shi a gaɓa, gama ruwan farko zai mai da shi inda aka ɗauko shi. Laka a kai gona, taki ce. Kwalaben maganin feshi a ware su dabam, kada yara su taɓa, kada kuma a bari wani ya ɗauka ya zuba mai ko ruwa a ciki. Aikin da ya fi daɗewa kuwa ba kwashewa ba ne, shuki ne. In masu gonakin bakin ƙorama suka yarda kowa ya bar 'yan taku kaɗan ba noma, a dasa jema ko gamba a jere sa'ad da ruwa ya sauka, saiwarsu za ta riƙe ƙasa, ciyawar kuma ba asara ba ce, gama ana yin zana da jinka da ita. A nan ne gardama za ta tashi, domin bakin ƙorama shi ne wuri mafi damshi a gona, mai kadada guda kuwa ba ya ba da taku biyar da sauƙi. Kada a tilasta masa a gaban jama'a. A fara da waɗanda zaizaya ta riga ta ci gonarsu, su ne za su fi saurin yarda, sauran su gani da idonsu bayan damina biyu. Mashayar shanu kuma a bar ta a buɗe, a faɗa wa kowa iyakarta, domin wanda aka toshe wa hanya shi ne zai fara tattake abin da aka dasa.

Inda aikin ya zama na shiga ruwa mai tsayawa, kamar kanal ko bakin tafki, akwai abin kiyayewa. Tsargiya tana zaune a irin wannan ruwa. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan katantanwa da suke manne da ciyawa, ta fito cikin ruwa, ta shiga ta fatar mutum ba tare da ya ji ba. Jini a fitsarin yaro ba alamar balaga ba ce kamar yadda waɗansu suke ɗauka, cuta ce, in ta daɗe kuwa tana lalata mafitsara da ƙoda. Saboda haka kada a sa yara cikin ruwan, aikinsu a gaɓa yake. Manya su sa takalmin roba mai tsawo in akwai. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan 'yan makonni ko watanni ya tafi asibiti. Maganin, praziquantel, ƙwaya ce da ake sha bisa ga nauyin mutum ko tsawonsa, ma'aikatan lafiya kuma sukan raba ta a makarantu. Kanal kuwa ba a shigarsa sai an yi magana da ma'aikatan hukuma an san ranar da za a rufe ruwa, gama gefensa na siminti yana da santsi, ruwan kuma ya fi yadda ake ganinsa ƙarfi.

Kafin a watse a ranar, a sa ranar komawa, a kuma ba mutum guda ajiyar shebur da kwanduna, a rubuta sunansa da adadin kayan a gaban dagaci.